Abin da Ɗakin Gwaji Ke Iya Faɗa wa Kotu: Tarihin Gwajin Cututtukan Jima'i a Jikin Yara

A farkon shekarun 1980, ɗakunan gwaje-gwaje na asibitoci daban-daban a Amurka sun aika wa Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar, wato CDC, samfura 40 na ƙwayoyin cuta da aka ɗebo daga jikin yara. Kowane samfuri ya zo da takardar da ke cewa ƙwayar gonoriya ce. Da masanan cibiyar suka sake gwadawa, sai suka tarar 14 daga ciki ba ita ba ce. Wasu ƙwayoyi ne masu kama da ita, waɗanda galibinsu ke zaune a hanci da maƙogwaron mutum ba tare da sun cutar da shi ba. Kafin gaskiya ta bayyana, hukumomi sun riga sun buɗe binciken zargin lalata a kan takwas daga cikin yaran. An buga wannan rahoto a 1988, kuma har yau ana ambatonsa duk lokacin da ake koyar da likitocin yara yadda ake karanta sakamakon gwaji.

Shekaru tamanin kafin haka, matsalar akasin wannan ce. Ɗakin gwaji yana ganin ƙwayar gonoriya a jikin ƙananan 'yan mata, likitoci kuma suna kawar da kai daga abin da hakan ke nufi, suna ɗora laifi a kan tawul da mazaunin masai. Dokokin da ake bi a yau wajen gwada yaron da ake zargin an yi lalata da shi sun samo asali ne daga waɗannan kurakurai biyu: ƙin gaskata sakamakon da ke daidai, da gaggawar gaskata wanda ba daidai ba. Na farko yana mayar da yaro hannun wanda ya cuce shi, na biyu kuma yana iya raba iyali ko ya kai marar laifi gidan yari.

Akwai buƙatar a tantance kalma tun daga farko. Gonoriya ita ce cutar da aka fi sani da ciwon sanyi, amma a bakin jama'a yanzu wannan suna ya haɗa kusan duk wani ƙaiƙayi ko fitar ruwa daga al'aura. A nan ana magana ne a kan cuta guda, wadda ƙwayar da masana ke kira Neisseria gonorrhoeae ke haddasawa.

Kafin a ga ƙwayar

A farkon ƙarni na 19, likita ba shi da abin dogaro sai idonsa. Idan aka kawo masa yarinya mai fitar da ruwa ko mugunya daga gabanta, ba shi da hanyar bambance wadda aka shafa wa cuta da wadda ke fama da kumburin da rashin tsafta ya jawo. A lokacin kuwa hukuncin fyaɗe a Ingila kisa ne, kuma haka ya ci gaba har 1841. Shahararren likitan tiyata na Landan, Astley Cooper, ya riƙa gargaɗin ɗalibansa cewa irin wannan ruwa abu ne da aka saba gani a ƙananan yara, kuma firgicin iyaye mata kan kai ga a zargi mutumin da bai ji ba bai gani ba. A 1853, wani likita a Dublin, William Wilde, mahaifin marubuci Oscar Wilde, ya rubuta ƙasida a kan wasu shari'o'in da aka yi a birnin, inda ya dage cewa abin da aka ɗauka shaidar fyaɗe ciwo ne kawai da ke yawo a tsakanin yaran matalauta.

Akwai gaskiya a maganarsu. Fatar cikin farjin yarinyar da ba ta balaga ba siririya ce, ba ta da kariyar da sinadaran balaga ke samarwa, don haka sabulu mai zafi, ko tsutsar ciki, ko ɗan ƙyalle da ya maƙale, ko ƙwayoyin cutar bayan gida na iya kawo mata kumburi. Har yau mafi yawan 'yan matan da ake kai wa asibiti da wannan matsala ba cutar jima'i ke damunsu ba. Sai dai darasin da ya zauna a zukatan likitocin wancan zamani ya wuce nan, domin sun koyi shakkar uwa da 'yarta tun kafin su duba.

A Faransa, Ambroise Tardieu, likitan da kotunan Paris ke kira ya ba da shaida, ya bi wata hanya. A littafinsa na 1857 ya tattara ɗaruruwan shari'o'in cin zarafi, ya nuna cewa galibin waɗanda abin ya shafa ƙananan 'yan mata ne, kuma a cikin masu laifin har da iyaye maza da dangi na kusa. Amma shi ma bai da gwajin da zai raba gardama a kan ruwan da ke fita. Ilimin ƙwayoyin cuta bai kai nan ba tukuna.

Sakamakon da ba a so a ji

A 1879, wani matashin likita ɗan shekara 24 mai suna Albert Neisser, a birnin Breslau da ke Jamus a lokacin, ya hango ƙwayar gonoriya a madubin likita: ƙananan ƙwayoyi biyu-biyu suna fuskantar juna kamar tsabar kofi. A 1884 Hans Christian Gram, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da dabarar rina ƙwayoyin cuta da ke raba su gida biyu bisa launin da suka riƙe. Shekara guda bayan haka Ernst Bumm ya yi nasarar renon ƙwayar a wajen jikin mutum. A karon farko, likita ya sami damar shafa mugunya a kan gilashi, ya rina, ya duba, ya faɗi sunan cutar.

Da gwajin ya yaɗu a asibitocin Turai da Amurka daga shekarun 1890, sai adadin 'yan matan da aka samu da cutar ya ba kowa mamaki. Wani ɓangare na abin yana da bayanin da babu jayayya a kansa. Tun 1881 Carl Credé na Leipzig ya nuna cewa ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon jariri yana hana makantar da gonoriya ke jawowa, abin da ya tabbatar jariri na ɗaukar cutar daga mahaifiyarsa yayin haihuwa. Haka kuma an sami ɓarkewar cutar a ɗakunan kwanciya na yara da gidajen marayu, inda ake amfani da ma'aunin zafin jiki guda ta dubura ga yara da yawa, ake wanke su da ƙyalle ɗaya, ma'aikatan jinya kuma ke tashi daga wannan gado zuwa wancan ba tare da wanke hannu ba. A 1890 an ba da rahoton 'yan mata sama da 200 da suka kamu a birnin Posen, aka danganta abin da gidan wanka na jama'a. A 1905 L. Emmett Holt, babban likitan yara na New York, ya rubuta a kan yadda cutar ke yawo a cibiyoyin kula da yara da hanyoyin daƙile ta.

Kuskuren ya faru ne lokacin da aka ɗauki bayanin da ya dace da cunkoson ɗakin asibiti aka shimfiɗa shi a kan yarinya guda da ta kamu a gidan iyayenta. Masaniyar tarihi Lynn Sacco ta bi diddigin wannan a littafin da ta wallafa a 2009, bayan nazarin mujallun likitanci na Amurka daga 1890 zuwa 1940. Hujjarta ita ce, muddin ana ganin cutar a 'ya'yan matalauta da baƙin haure da baƙar fata, likitoci ba su ji nauyin danganta ta da lalata ba. Da gwaji ya fara nuna ta a 'ya'yan farar fata masu rufin asiri, sau da yawa a gidan da uba ma yake ɗauke da ita, sai aka sauya bayani. Aka ce zanen gado ne, ko soson wanka, ko hannun 'yar aiki, ko sakacin uwa. Wasu likitoci har shawara suka bayar a sauya siffar mazaunin masai a makarantu. Inda kuma aka yarda an yi lalata, sai a jingina ta ga jahilan da suka yi imani da camfin cewa saduwa da budurwa na warkar da cuta, wanda hakan ya sake tura zargi waje da gidajen masu mutunci.

Yaran ne suka ɗanɗana kuɗar wannan fahimta. An riƙa hana su zuwa makaranta, ana killace su a asibiti na makonni ko watanni, ana yi musu wankin farji da sinadarai masu zafi, daga baya a sallame su zuwa gidan da suka kamu. Tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa ya taɓa yarinyar, ba kasafai ake yin ta ba. Wani abin takaicin kuma shi ne, gwajin rini kansa ba shi da tabbas a jikin yara, domin akwai wasu ƙwayoyi masu irin wannan siffa da launi. Wani bincike da aka gudanar a birnin New York a ƙarshen shekarun 1930, wanda ya yi amfani da reno, ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda aka ce suna da gonoriya ba su da ita, kuma cutar ba ta saurin yaɗuwa ta kayan amfani kamar yadda aka yi zato.

Shirun da magani ya kawo

Magungunan salfa a ƙarshen shekarun 1930, sannan fenisilin a shekarun 1940, sun mayar da gonoriya cutar da ake warkarwa cikin kwanaki. Aka rufe ɗakunan killacewa, rubuce-rubuce a kan batun suka ragu. Da magani ya samu, sai tambayar yadda yarinya ta kamu ta daina damun kowa.

Abin da ya dawo da ita ba daga ɗakin gwaji ya fito ba. A 1962 C. Henry Kempe na Denver da abokan aikinsa suka buga maƙalar da ta tilasta wa likitoci yarda cewa iyaye na iya ji wa 'ya'yansu munanan raunuka. Cikin 'yan shekaru dukkan jihohin Amurka suka kafa dokokin da suka wajabta wa likita kai rahoton duk yaron da yake zargin an ci zarafinsa, kuma a 1974 majalisar ƙasar ta zartar da dokar tarayya a kan batun. A 1977 likita Suzanne Sgroi ta rubuta cewa samun gonoriya a jikin yaro alama ce ta lalata da ya wajaba a bincika. A shekarar ce kuma Kempe ya gabatar da lacca ga ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, inda ya bayyana lalata da yara a matsayin ɓoyayyiyar matsalar da fannin ya daɗe yana kau da kai daga gare ta. A 1979 wasu likitoci biyu suka gwada tsohon bayanin kai tsaye: suka ɗebi samfura daga mazaunan masai na jama'a ba su sami ƙwayar gonoriya ba, suka kuma nuna cewa tana mutuwa da sauri da zarar ta bushe.

A daidai wannan lokaci kayan aiki ma sun inganta. A 1964 James Thayer da John Martin suka haɗa wani abincin reno da aka zuba wa magungunan da ke kashe yawancin sauran ƙwayoyi, su bar gonoriya ta tsiro. Ita ma kilamidiya, ƙwayar da ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai, an samo hanyar renonta a shekarun 1960. Zuwa 1980, takardar sakamakon gwaji ta zama abin da ke iya sa hukuma ta ɗauke yaro daga gida a rana guda.

Kama da wane ba ta wane

Nauyin da aka ɗora wa gwajin ne ya fallasa rauninsa. Dangin Neisseria na da 'ya'ya da dama. Neisseria lactamica da Neisseria cinerea na zaune a maƙogwaron yara masu ƙoshin lafiya, haka ma Neisseria meningitidis, mai haddasa sanƙarau, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita ba tare da sun yi ciwo ba. Wasu daga cikinsu na tsirowa a abincin Thayer da Martin, kuma a madubi ba sa bambanta da gonoriya. Ɗakin gwajin da ya saba da samfuran manya, inda yawanci abin da ya yi kama da gonoriya ita ɗin ce, yakan tsaya a matakin farko ya rubuta sakamako. A 1985 aka buga labarin wani yaro ɗan shekara takwas da aka ce yana da gonoriya a dubura, daga baya aka gano Neisseria cinerea ce. Rahoton CDC na samfura 40 ya nuna cewa wannan ba tsautsayin rana ɗaya ba ne.

Kilamidiya ta zo da nata matsalolin. Da yake renonta na da wuya da tsada, kamfanoni sun fito da gwaje-gwajen gaggawa a shekarun 1980, waɗanda aka tsara domin manyan mata. Margaret Hammerschlag, likitar yara a New York, tare da abokan aikinta, ta nuna a 1988 cewa waɗannan gwaje-gwaje na ba da sakamakon ƙarya a samfuran farji da dubura na yara, domin ƙwayoyin cutar hanji na ruɗa su. Bincike kuma ya tabbatar cewa kilamidiyar da jariri ya ɗauka wajen haihuwa na iya zama a jikinsa shekara biyu zuwa uku ba tare da wata alama ba. Ke nan samun ta a jikin 'yar wata goma sha takwas ba daidai yake da samun ta a jikin 'yar shekara tara ba.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wani lissafi da ke yi wa mutane wuyar karɓa. A ɗauki misalin yara 1,000 da aka gwada, waɗanda 30 daga cikinsu ke da cutar da gaske. A ce gwajin yana kuskure sau 3 cikin 100 a kan marasa cuta, wanda a ido ba shi da yawa. Cikin yara 970 masu lafiya, kimanin 29 za su fito da sakamakon ƙarya. Ko da gwajin ya kama dukkan 30 na gaskiya, kusan rabin takardun da suka ce akwai cuta ƙarya ne. Duk inda cuta ta yi ƙaranci, ƙaramin kuskure na yin girma. A wurin babban mutum, illar ita ce shan maganin da bai buƙata. A wurin yaro, illar na kaiwa ga 'yan sanda da kotu.

Daga nan aka kafa ƙa'idojin da suka yi shekaru suna aiki: ba a dogara da rini kaɗai a jikin yaro, reno ne kawai shaidar da za a amince da ita, idan ƙwaya ta tsiro, sai an tabbatar da ita da aƙalla gwaje-gwaje biyu masu aiki ta hanyoyi mabambanta, kuma a ajiye ƙwayar domin wani ɗakin gwaji ya iya sake dubawa.

Zamanin ƙwayoyin gado

Reno ba ya yawan yin ƙarya, amma yana yawan tsallake cuta. Ƙwayar gonoriya ba ta jure sanyi ko bushewa, tana iya mutuwa a hanya kafin ta isa ɗakin gwaji. Renon kilamidiya kuwa ɗakunan gwaji kaɗan ne ke iya yinsa. Sannan ɗibar samfuri na buƙatar saka tsinken auduga a al'aurar yaron da wataƙila bai daɗe da fuskantar cin zarafi ba.

Dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 kuma ta sama masa kyautar Nobel a 1993, tana ninka ɗan guntun ƙwayar gado sau miliyoyi har a iya gano shi. A shekarun 1990 gwaje-gwajen irin wannan suka mamaye asibitocin manya, domin sun fi reno kama cuta kuma ana iya yin su da fitsari. Amma likitocin yara da lauyoyi sun yi ɗari-ɗari da su, domin darasin shekarun 1980 bai gushe ba. Dangin Neisseria na musayar guntayen ƙwayoyin gado a tsakaninsu, kuma wasu gwaje-gwajen farko sun riƙa ɗaukar 'yan uwan gonoriya a matsayin ita, musamman a samfurin maƙogwaro. Gwajin na gano ƙwayar da ta riga ta mutu, kuma ƙarfinsa na nufin ɗan gurɓacewa a kan tebur ko a kwalbar fitsari na iya fitowa a sakamako.

An raba gardamar da bincike. A 2009 aka buga sakamakon wani nazari da CDC ta jagoranta a biranen Amurka huɗu, a kan yara 536 'yan ƙasa da shekara 14 da ake zargin an yi lalata da su, mata 485 da maza 51. An sami aƙalla cuta guda a jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na matan. Gonoriya da kilamidiya kowacce ta tsaya a wajen kashi 3 cikin 100. Ba a sami ko ɗaya a mazan ba. Gwajin ƙwayoyin gado da aka yi da fitsari ya gano yaran da reno ya tsallake. Abin lura kuma, mafi yawan yaran da aka tabbatar suna da cuta ba a ga wani takamaiman rauni a jikinsu ba.

Daga 2010 CDC ta fara amincewa da irin wannan gwaji a kan 'yan mata, ta faɗaɗa amincewar a jagororinta na 2015 da 2021. Sai dai tsohon sharaɗin yana nan cikin sabuwar riga: duk sakamakon da ya ce akwai cuta a tabbatar da shi, a sake gwadawa ko a yi amfani da wani gwajin da ke neman wani ɓangare dabam na ƙwayar gado, kuma a adana samfurin. Jagororin sun kuma ba da shawarar kada a ba yaron da bai balaga ba magani a kan zato kafin a ɗebi samfuri, domin magani na shafe shaida, kuma cutar ba ta saurin hawa zuwa mahaifa a wannan shekaru. Inda batun ya shafi kanjamau ne jira ba ya halatta, domin maganin kariya sai an fara shi cikin sa'o'i 72.

Iyakar shaidar

A tsarin da likitocin yara na Amurka ke bi yanzu, cututtukan ba matsayinsu ɗaya ba. Gonoriya, tunjere, kilamidiya da ƙwayar cutar kanjamau, idan an tabbatar da su kuma an kawar da yiwuwar ɗauka daga uwa ko ta ƙarin jini, ana ɗaukarsu shaidar saduwa, kuma wajibi ne a kai rahoto. Ƙurajen al'aura masu kama da tsiro, da masu ɗurar ruwa, abin zargi ne da ke buƙatar bincike, amma suna iya zuwa ta hannun mai reno ko daga jikin yaron kansa. Sauyin ƙwayoyin da ke zaune a farji kuwa ba ya tabbatar da komai.

Muhawarar ɗauka ba ta hanyar jima'i ba ba ta mutu gaba ɗaya ba. An ga ɓarkewar gonoriyar ido a tsakanin yara a ƙauyukan tsakiyar Ostireliya, da kuma a Habasha a ƙarshen shekarun 1980, inda dubbai suka kamu ta hannu da ƙyalle a yanayin ƙarancin ruwa. A 2007 wata likita 'yar New Zealand, Felicity Goodyear-Smith, ta tattara tsofaffin rahotanni tana jayayya cewa hakan na iya faruwa a al'aura ma, sauran masana kuma suka mayar da martani cewa yawancin rahotannin sun fito ne daga zamanin da gwaji ba shi da tabbas kuma ba a tambayar yara. Matsayin da aka fi rinjaya a kai shi ne, gonoriyar al'aura a yaron da ya wuce jarirantaka lalata ce ke kawo ta a kusan kowane hali.

Ko da sakamako ya tabbata, ba ya faɗin suna. Masana na iya kwatanta ƙwayoyin gadon cutar da ke jikin yaro da na wanda ake zargi. Idan sun bambanta sosai, hakan na raunana zargi. Idan sun zo ɗaya, nau'in na iya zama wanda ya yaɗu a garin baki ɗaya. Haka kuma wanda ake zargi na iya shan magani kafin a gwada shi. Saboda haka ake kula da rubuta sunan duk wanda samfuri ya bi ta hannunsa, da lokaci, tun daga ɗakin likita har zuwa kotu, domin giɓi guda a wannan jeri ya isa lauya ya rushe shaidar.

Kuskuren da ya fi yawa a yau ya shafi sakamakon da ya ce babu cuta. Alƙaluman 2009 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka gwada ba su da wata cuta. Wani nazari da aka buga a 2002 a kan yara 2,384 da aka kai domin dubawa ya gano cewa kimanin kashi 96 cikin 100 ba su da wata alama a jiki. Lalata da yara sau da yawa ba ta barin rauni, inda ta bari kuma wurin na saurin warkewa, sannan ba kowane mai laifi ke ɗauke da cuta ba. Shi ya sa bayanin da yaro ya yi da bakinsa, idan ƙwararre ya saurare shi ba tare da cusa masa amsa ba, ya kasance babbar shaida a mafi yawan shari'o'i.

Inda kayan aiki suka yi ƙaranci

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a ƙasashen da ake samun sakamako cikin kwana biyu kuma iyali ke iya dawowa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2017 kan kula da yaran da aka yi lalata da su, ta ba da shawarar a ba da maganin gonoriya da kilamidiya da tunjere a kan zato, musamman inda gwaji ba zai yiwu ba. Lafiyar yaro aka sa a gaba, ko da za a rasa shaidar kotu.

A Afirka ta Yamma akwai ƙarin abin lura. Gwajin jini na tunjere ba ya bambance ta da wasu cututtuka biyu 'yan uwanta da yara ke ɗauka ta cuɗanyar yau da kullum: bejel, da aka sani a yankunan Sahel har da Nijar, da yaws, da ake samu a sassan Ghana da Kamaru. Sannan a asibitoci da dama abin da ke samuwa shi ne rini da madubi, gwajin da tarihin nan ya nuna bai isa shaida a jikin yaro ba. Tsohon bayanin masai ma yana nan da ransa, domin har yau a Najeriya ana yawan jin an ce a banɗaki aka ɗauko ciwo.

Alƙali ko lauya ko ɗan jarida da takardar asibiti ta zo hannunsa yana da tambayoyin da shekaru 140 na wannan tarihi suka tanadar masa. Wane irin gwaji aka yi, rini ko reno ko na ƙwayoyin gado? An tabbatar da shi da gwaji na biyu? Shekarun yaron nawa, kuma an duba mahaifiyarsa? Samfurin yana nan a ajiye? Idan kuma takardar ta ce ba a ga komai ba, binciken bai ƙare ba, domin akwai sauran tambayar ko wani ya zauna ya saurari yaron.